Masu Bugu Bakwai ko Masu Jifa Biyar? Yadda Ake Haɗa Tawagar Kurket ta Wasan Yini Ɗaya

Duk gardamar da masoya kurket ke yi kan tawagar ƙasa, ko a gefen fili a Murtala Square ne ko a majalisar yamma, in ka tace ta sai ka ga kan gurbi ɗaya take komawa: wa zai shiga na bakwai a jerin masu bugu. Shidan farko ba su cika jawo saɓani ba, masu bugu ne, cikinsu har da mai tsaron wikit, wato mai tsayawa bayan sandunan da mai bugu ke karewa. Daga na takwas zuwa na sha ɗaya kuwa kowa ya san masu jifa ne. Amma na bakwai, wani ya ce a sa mai bugu, wani ya ce mai jifa, wani kuma ya ce a nemo mai iya duka biyun. Amsar da kwamitin zaɓe ya bayar a nan ita ke yanke kamannin tawagar gaba ɗaya.

Dokar wasan ce ta haifar da wannan matsi. A wasan yini ɗaya kowane ɓangare yana da oba 50, kowace oba ƙwallo shida, jimla 300. Ba a yarda mutum ɗaya ya jefa fiye da oba 10 ba, don haka dole aƙalla mutum biyar su yi jifa. Kuma ba ƙwallon ƙafa ba ne da koci zai waiwayi benci ya canja wanda ya gaza. Wanda ya shigo daga benci tsaron fili kawai zai yi, babu bugu babu jifa, sai fa in buguwar kai ce ta fitar da ɗan wasa, wanda tun 2019 aka yarda a maye gurbinsa da mai irin aikinsa. Sha ɗayan da kyaftin ya miƙa sunayensu kafin a jefa kwabo, da su za a wuni.

Ga kuma dokar tsaron fili. A oba goma na farko mutum biyu kacal ke iya tsayawa wajen da'irar yadi 30. Daga oba ta 11 zuwa ta 40 mutum huɗu ne, a goman ƙarshe biyar. Wato tsawon oba talatin na tsakiya akwai wani gefen iyakar fili da yake a buɗe ko yaya kyaftin ya jera mutanensa, kuma mai bugun da ya san aikinsa can zai riƙa aika ƙwallo. Mai jifan da bai ƙware ba ba shi da maɓoya.

Tsari na farko: masu jifa biyar cif

A nan ana ɗaukar masu bugu shida da mutum biyar da kowannensu zai iya cika obarsa goma, babu na shida. Indiya ta yi haka a gasar cin kofin duniya ta 2023, ba da son ranta ba. Hardik Pandya, wanda ke haɗa mata bugu da jifa, ya ji ciwo a idon sawu a wasansu da Bangaladash, sai aka raba aikinsa gida biyu: Suryakumar Yadav ya shigo don bugu, Mohammed Shami don jifa. Shami ya fitar da mutum 24 a wasa bakwai, ya fi kowa a gasar. Da shi da Bumrah da Siraj da Kuldeep da Jadeja suka tattara Ingila a maki 129, Siri Lanka a 55, Afirka ta Kudu a 83. Amfanin tsarin ke nan: babu obar hutu ga abokin hamayya, kuma a wasan yini ɗaya babu abin da ke taka wa maki birki kamar faɗuwar wikit, wato fitar da mai bugu.

Illarsa ta fito ranar wasan ƙarshe da Ostareliya, 19 ga Nuwamba a Ahmedabad. Daga na takwas zuwa ƙasa babu wanda za a dogara da sandarsa, kuma masu bugun sama sun san da haka. Da mutum uku suka fita a maki 81, Kohli da Rahul suka koma lallaɓawa, domin in ɗayansu ya fita saura kaɗan a iso wutsiya. Rahul ya ci maki 66 a ƙwallo 107. Bayan oba goma na farko sau huɗu kawai ƙwallo ta kai iyaka, aka tashi da 240. Gaskiya ne fic ɗin, wato tsirin ƙasar da ake jifa a kai, ya yi nauyi kuma Ostareliya ta yi jifa mai kyau, amma doguwar wutsiya tun kafin a iso gare ta take cin maki, saboda tsoron da take sa wa na sama. Masu duba takardar sakamako kawai ba sa ganin wannan asarar, don ba a rubuta ta a gaban sunan kowa.

Illa ta biyu ita ce rashin madogara. Mai jifan gudu ya ji cinyarsa ta riƙe bayan oba uku, saura bakwai, wa zai jefa su? Ko kuma lafiyarsa lau amma ranar ba tasa ba ce, ana ta dukansa, kyaftin kuma ba shi da ikon janye shi. Saboda haka ba mu ganin hikimar wannan tsari sai in sharuɗɗa biyu sun cika: masu jifan su ne ainihin ƙarfin ƙasar, sannan aƙalla biyu daga cikinsu za su iya tsayawa su fuskanci ƙwallo talatin-talatin.

Tsari na biyu: masu bugu bakwai, a yi karo-karon oba goma

Wanda ya doke Indiya a ranar da kishiyar tsarinta ya zo. Ostareliya ta sa ƙwararrun masu jifa huɗu, Starc da Hazlewood da Cummins da Zampa, ta raba sauran oba goman: Maxwell shida, Marsh biyu, Head biyu. Maki 44 kacal aka ci a kansu. Da ta zo bugu ta rasa mutum uku a maki 47, amma da yake akwai sauran masu bugu a baya, Travis Head bai fasa kai hari ba har ya ci 137. Indiya ma da wannan tsarin ta ɗauki kofin 2011, sai dai nata mai cike gurbin Yuvraj Singh ne, wanda ya haɗa maki 362 ya kuma fitar da mutum 15 a gasar. Irin wannan ya wuce a kira shi ɗan taimako.

Ranar da tsarin ya ƙi ci kuwa babu daɗin kallo. A 2003 Indiya ta ɗora wa Rahul Dravid tsaron wikit don ta samu gurbin mai bugu na bakwai, ta kuma kai wasan ƙarshe da haka. A Johannesburg Ostareliya ta far wa ƙwararrun tun daga obar farko, kyaftin Ganguly ya waiwaya bai ga wani ƙwararre na biyar ba. Mutum takwas ya gwada, wikit biyu kawai suka faɗi, aka ci su 359.

Lissafin da ya kamata kwamiti ya yi mai sauƙi ne. In ƙwararre zai ba da maki biyar a oba, 'yan karo-karo kuma bakwai, bambancin oba goma maki 20 ne, ban da wikit ɗaya ko biyu da ƙwararren zai iya kawowa. To shin mai bugu na bakwai zai ɗara mai jifan da ya ture da fiye da maki 20 a yawancin wasanni? A tuna cewa ranar da na sama suka yi kyau, ƙwallo goma ko sha biyar kawai zai samu. In ba mai iya duka tun daga ƙwallon farko ba ne, gurbin ya tafi a banza.

Sannan ɓoye waɗannan obobi sana'a ce ta kyaftin. Ana shigo da ɗan karo-karo ne da zarar wikit ta faɗi, lokacin da sabon mai bugu bai gama ganin ƙwallo ba, galibi tsakanin oba ta 15 da ta 30. Ana ba shi ɓangaren da iyaka mai nisa za ta kasance inda aka fi dukansa. Oba biyu ko uku a jere, a janye shi kafin a gane shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jinkiri: kyaftin ya ga ƙwararrunsa na jifa da kyau ya ƙi taɓa su, sai a oba ta 35 ya farga cewa akwai bashin oba shida, ga masu bugu biyu sun zauna daram. Kuma ɗan karo-karo mai murɗa ƙwallo ya fi mai matsakaicin gudu aminci, domin mai bugu ne zai nemo ƙarfin dukan da kansa.

Tsari na uku: masu aiki biyu a tsakiya

Wannan shi ne burin kowa. Ingila ta 2019 tana da Ben Stokes a na biyar, Chris Woakes a na bakwai, Liam Plunkett a na takwas, ga Archer da Rashid da Wood: masu jifa shida, bugu kuma har ƙasa. Indiya ta kofin zakarun 2025 a Dubai ta jera Axar Patel da Hardik Pandya da Jadeja, bugunta ya kai na takwas, ta kuma samu damar sa masu murɗa ƙwallo huɗu a fic ɗin da ke son haka. Da mutum shida, kyaftin na iya janye wanda ake duka bayan oba biyar ba tare da ya shiga bashi ba.

Amma a nan ne ƙananan ƙasashe suka fi yaudarar kansu. Taura biyu ba ta taunuwa ga kowa. Akwai ɗan wasan da zai ci maka maki 15 ya jefa oba huɗu a ba da 30, a takarda ya cike gurbi biyu, a fili bai cike ko ɗaya ba. Ka tara irinsa uku, ka samu tawagar da ba ta iya kai maki 250 ba ta kuma iya fitar da mutum goma. Tambayar da ke raba gardama ita ce: da a ce aiki ɗaya kawai ya iya, za a ɗauke shi? Stokes zai shiga da sandarsa kaɗai, Woakes da jifansa kaɗai. In amsar a'a ce ta kowane ɓangare, a bar shi ya ƙara gogewa a gasar cikin gida. Ana kuma duba alƙaluma biyu: matsakaicin makin da yake ci kafin a fitar da shi ya ɗara matsakaicin makin da yake bayarwa kafin ya fitar da mutum, sannan sau nawa kyaftin ɗinsa na kulob ya amince ya ba shi oba takwas zuwa goma. Wanda a gida ma ba a ba shi fiye da huɗu, ba a gaban tawagar wata ƙasa zai fara cika goma ba.

A ganinmu, ƙasar da ke da mai aiki biyu na gaske ko da guda ɗaya ne, ta sa shi na bakwai, ta ɗauki ƙwararrun masu jifa huɗu, ta kuma tabbatar cikin shidan sama akwai mai iya jefa oba uku ko huɗu. In babu shi, tsari na biyu ya fi na farko sauƙin gyara a tsakiyar wasa. Kuma a fara rubuta sunayen masu jifa huɗun kafin na kowa, domin su ne suka fi wuyar samu.

Abin da ya shafe mu

Najeriya mamba ce a hukumar kurket ta duniya, ICC, tun 2002, amma ba ta cikin ƙasashen da ake ƙirga wasanninsu na oba 50 a matsayin cikakken wasan ƙasa da ƙasa na yini ɗaya, kuma yawancin abin da 'yan wasanmu ke bugawa gajeren wasa ne na oba 20. Wannan na da tasiri a kan zaɓe. Matasanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun kafa tarihi da suka kai gasar duniya ta 2020 a Afirka ta Kudu, wadda ta oba 50 ce. A can Ostareliya ta tattara su a maki 61, kuma a wasanni ukun rukuni ba su kai 70 ba ko sau ɗaya. Ba rashin hazaƙa ba ne, rashin sabo ne da doguwar tsayuwa a gaban jifa mai inganci. Ƙara mai bugu na bakwai ba ya maganin wannan in duk bakwai ɗin 'yan ƙwallo ashirin ne. Abin nema shi ne mutum biyu, na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar, da za su iya cinye ƙwallo tamanin-tamanin suna karɓar maki ɗai-ɗai da bibbiyu. Marnus Labuschagne ya ci 58 a ƙwallo 110 a wasan ƙarshe na 2023, kuma tsayuwarsa ce ta sake wa Head hannu. Don haka a duba yawan ƙwallon da ɗan wasa ke fuskanta, ba makinsa kaɗai ba.

Wani abin da ke ruɗar masu zaɓe a nan Arewa shi ne wurin da aka yi gwajin. A kan siminti mai shimfiɗa ƙwallo tana tashi daidai wa daida, tana zuwa kan sanda da saurinta. Mai jifan da ke buga ta gajere sai ya zama abin tsoro, mai bugun da ke kai sanda ba tare da matsa ƙafa ba sai ya yi ta cin maki. Ƙara da hunturun Kaduna, ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi tauri: ƙwallon da aka ɗan tura kawai sai ka ga ta ruga iyaka tana tayar da ƙura, kuma kafin oba ta goma sha biyar fatarta ta kurje, ɗinkin ya kwanta. A kai waɗannan yaran fic na ƙasa da ciyawa, irin na Tafawa Balewa Square a Legas ko na babban filin wasa na Abuja, sai labari ya canja. Wata ƙwallon ta tsaya, wata ta yi ƙasa, wata ta kauce bayan ta sauka. Gajeren jifan nan ya zama kyauta, mai bugun da ba ya motsa ƙafa kuma ya tura ta hannun na bayansa. Duk wanda za a ɗauka don wasan oba 50 a gan shi a fic na ƙasa, a cikakken wasa, ba a ragar atisaye ba.

Su wane ne huɗun?

Ba a ɗaukar huɗun da suka fi kowa fitar da mutane in duk irin jifa ɗaya suke yi. Ana son biyu masu karkatar da sabuwar ƙwallo a iska, in da hali ɗaya bahago, domin kusurwar jifansa dabam ce. Cikin masu jifan gudun dole a samu mai iya sauke ƙwallo a gindin ƙafar mai bugu a goman ƙarshe, a kuma ajiye masa oba huɗu don wannan. Daga 2011 an riƙa amfani da sababbin ƙwallaye biyu, ɗaya ta kowane ɓangare, har ƙarshen bugu, abin da ya sa ƙwallo ba ta tsufa, masu bugu suka ji daɗi. Tun Yulin 2025 an sauya: biyun za su yi aiki zuwa oba ta 34, sannan masu jifa su zaɓi ɗaya su ƙarasa da ita. Tsohuwar ƙwallo ta fi laushi, ba ta tafiya da nisa, tana kuma iya karkata ta ɓangaren da ba a zata ba, don haka darajar mai iya sarrafa ta ta ƙaru.

A masu murɗawa akwai zaɓi tsakanin mai yatsa da mai wuyan hannu. Mai yatsa ya fi daidaito, yana riƙe maki. Mai wuyan hannu yakan saki ɓatacciya a oba, amma shi ke raba mutum biyun da suka zauna. Adam Zampa ya fitar da mutum 23 a 2023, Collins Obuya na Kenya kuma ya fitar da biyar a kan maki 24 ranar da suka doke Siri Lanka a Nairobi a 2003, shekarar da Steve Tikolo, wanda daga baya ya horar da tawagar Najeriya, ya kai su wasan kusa da na ƙarshe. In gurbi ɗaya ne, mai wuyan hannu za mu ba, a bar ɗan karo-karo ya yi na yatsa. Sai dai a wasan dare raɓa na jiƙa ƙwallo ta riƙa sulɓewa, kuma shi ta fi cutarwa.

Batun mai tsaron wikit bai da tsawo. Tun da Adam Gilchrist ya ci 149 a wasan ƙarshe na 2007 babu mai ɗaukar wanda bai iya shiga cikin bakwai na farko ba. Amma in masu murɗawa za su jefa oba 25 ko fiye, a fifita mai tsabtar hannu ko da makinsa ya gaza da kaɗan, domin cafka ɗaya da ya zubar tana iya cin maki sittin. Masu buɗe wasa kuwa aƙalla ɗaya ya zama mai cin moriyar oba goman da fili ke buɗe. Kada kuma a jingina komai kan ukun farko: Indiya ta shiga gasar 2019 ba ta tsayar da na huɗu ba, ranar da Niyu Zilan ta fitar da ukun a maki biyar aka rasa mai ɗinke ɓarakar da wuri, ta faɗi da tazarar 18.

Mutum goma sha biyar

Gasar duniya mutum 15 ake tafiya da su. Rabon da ya fi rufe kowace kafa shi ne masu bugu biyar, masu tsaron wikit biyu wanda na biyun zai iya shiga a matsayin mai bugu zalla, masu aiki biyu guda biyu, masu gudu huɗu, masu murɗawa biyu. In a Indiya ko Dubai za a yi, a rage mai gudu ɗaya a ƙara mai murɗawa. Gasar 2027 a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya za a yi ta, ƙasashe 14, kuma a tuddan Johannesburg ƙwallo na tashi tana kuma tafiya da nisa. A can ne Afirka ta Kudu ta ci 438 ta wuce 434 na Ostareliya a 2006. Wurin masu gudu huɗu ne.

Tafiya da mai rauni caca ce da ba a yi sai don wanda babu kamarsa. A 2023 Ostareliya ta riƙe Head da karyayyen hannu, ya rasa wasa biyar na farko, ya dawo da 109 a kan Niyu Zilan. Gurbi ɗaya ake iya sadaukarwa haka, ba biyu ba. Benci ma yanzu sai an tsara shi, domin tun 2025 ana miƙa sunayen mutum biyar da za su iya maye wanda ya bugu a kai: mai tsaron wikit, mai bugu, mai gudu, mai murɗawa da mai aiki biyu.

Ruwan sama ma yana shiga lissafin, musamman da yake Oktoba da Nuwamba za a yi gasar 2027, farkon daminar can. In an rage wasa, rabon kowane mai jifa na raguwa zuwa kashi ɗaya cikin biyar na sabon adadin. A ce masu buɗe jifanka biyu sun jefa oba shida-shida, ruwa ya sauko, aka mayar da wasan oba 30. Su biyun sun gama ke nan. Sauran oba 18 na kan mutum uku, shida-shida, har da na ƙarshen bugu, kuma in na biyar ɗinka ɗan karo-karo ne, shi da abokan karo-karonsa za su jefa shida daga ciki a lokacin da masu bugu suka fi kai hari.